Maƙerin Adaka a Ƙasar Gwandu

Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa ta gabas, babu rumfar da ke cika kamar ta maƙera a ƙauyukan Kalgo. Daga Wurogauri har Diggi, Zuguru da Kuka, manomi zai ciro kalme da galma daga inda ya jingine su tun kaka, ya tarar baki ya dakushe, ƙota ta yi sako-sako, sai ya saɓa ya nufi maƙera. Abin da ke ciyar da gidan maƙeri ke nan shekara da shekaru: kayan noma, laujen yankan shinkafar fadama, gatari, wuƙar mahauta, jefi-jefi linzami. Bindiga ba ta cikin kayan da ake bajewa a bakin rumfa ranar kasuwa. Tana can ƙurya an naɗe ta a tsohon buhu, kuma ba kowane mai riƙe masaba ke taɓa ta ba. Akwai gidajen da suka gaji aikinta kaka da kakanni, akwai waɗanda ko gyaran kunama aka kawo musu sai su ce a gaba. Wannan reshe na ƙira, aikin adaka, a da ba mai damuwa da shi. Yanzu kuwa a rumfarsa ne tsoron talaka da dokar ƙasa da hukuncin addini suke cin karo.

Rumfar kanta ba ta sake sosai ba. Uwar maƙera na kafe a ƙasa, maƙeri na zaune gabanta a kan ɗan kututture, awartaki a hagu, masaba a dama, yaro na gefe yana zuga. A wasu rumfunan zuga-zugin fatar akuya suna nan, a wasu an maye su da fanka da ake juyawa da tsohuwar ƙafar keke. Gawayin ƙirya aka fi so, don yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Ƙarfen ne ya sake. Kakanni tama suke haƙowa su narke da kansu, jikoki kuwa Jega ko Birnin Kebbi suke zuwa wurin 'yan gwangwan su zaɓo sifirin ɗin mota da guntayen ƙarafan inji. Za ka ga maƙeri ya ɗaga ƙarfe ya ƙwanƙwasa shi da wani, ya kasa kunne. Daga amon yake gane wanda zai yi kalme da wanda zai tsage a wuta.

Adaka mai sauƙin fasali ce, mai wuyar aiki. Ta baki ake ɗura ta, kuma harbi ɗaya take yi, daga nan sai mai ita ya koma ɗuri, abin da ya jawo mata kirarin harba-ka-ruga. In damina ta kankama albarushi ya sha sanyi, tana iya ƙin tashi daidai lokacin da ake bukatarta. Abu uku ne jikinta: ƙota, kunama da bututu, kowanne da irin hannun da yake so. Ƙota aikin sassaƙa ce, daga itace mai tauri wanda ba ya darewa. A fafe mata kwari daidai kwanciyar bututu, a yi ta goga har ta zauna daram a kafaɗa, kuma gwanin maƙeri kan dubi tsawon hannun mai ita kafin ya yanke itacen. Kunama aikin magagari ce da haƙuri, a wuni ana goga ana gwadawa, domin in ta yi tauri maharbi ya kuskure, in ta yi laushi ta tashi da kanta tana saɓe a kafaɗa. Bayan haka baduku ya naɗe mahaɗa da jar fata, mai ita ya rataya layunsa.

Bututu shi ne inda rai yake. In ƙarfen yana da ɓoyayyen rauni, ranar da aka cika masa ciki zai fashe a hannun mai harbi. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya ga mai yatsu uku, ya ga mai tabon ƙuna daga kunci har kunne. Saboda haka maƙerin kirki ba ya miƙa sabuwar adaka sai an fita da ita bayan gari, an ɗaure ta a gindin itace, an ja kunama da doguwar igiya daga nesa. Hayaƙi na washewa zai matso ya bi bututun da yatsa tun daga gindi har baki, yana laluben kumburi ko tsaga. In ya samu, asara ta hau kansa, aiki ya koma farko. Sauran sirrin na gida ne, uba ke ba ɗa, ba a faɗarsa a bainar jama'a.

Masu neman wannan aiki a da sanannu ne. Maharba ne masu bin gada da zomo da zabin daji bayan an kawar da amfanin gona, ƙarƙashin Sarkin Baka. Manoma ne da birai ko gyado suka addaba a gonakin bakin daji. Sai masu bindigar fada, waɗanda ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan salla ko daren da aka ga wata. Da wuya ka ji wanda ya zo don tsoron ɗan'uwansa mutum.

Ƙasar Gwandu dai ba da bindiga aka kafa ta ba. Mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka yi nasara a Tabkin Kwatto a 1804, suka sha wuya a Alwasa a 1805, sannan suka tsare Gwandu, akasarinsu 'yan baka ne. Aikin yaƙi na maƙerin wancan zamani bakin kibiya ne da mashi da takobi. Sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 bindiga ta yawaita, babbar hanyarta kuwa Bida ce, wadda ke bin tutar Gwandu. Etsu Masaba ya tara bindigogi da albarushi daga Turawa 'yan kasuwar kogin Kwara, wani kaso ya hauro arewa cikin gaisuwa. Can Damagaram, Sarki Tanimu ya sa maƙeransa zuba igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa. Amma ko'ina aka duba, bindiga kayan fada ce, bayin sarki ake damƙa wa, ba a barin ta yawo a hannun talakawa.

Turawa suka zo da nasu lissafin. A taron Burasel na 1890 ƙasashen Turai suka amince a toshe wa 'yan Afirka na wannan sashe hanyar sayen bindigogin zamani, a bar musu masu ɗurin baki da albarushin kasuwa. Amfanin haka gare su ya bayyana a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, inda dawakin Sakkwato suka tunkari bindiga mai jigida. Ya ƙara bayyana a Satiru a 1906. Mutanen wannan ƙauye, da gatura da fartanyoyi aikin maƙeransu, suka karya rundunar farko da aka tura musu. Wata guda bai cika ba aka komo da manyan makamai aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Tun daga nan rabo ya zauna: mai saurin harbi ta hukuma, mai harbi ɗaya ta talaka.

Wannan rabon dokar makamai ta 1959 ta gada, ita ce kuma ke aiki har yau. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko makaman yaƙi ne da ƙananan bindigogin hannu, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu irin bindigogin farauta na Turawa ne, masu baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗurin baki, adaka da danginta, waɗanda aka bar sha'aninsu ga kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Akwai kuma sashen da ya shafi maƙeri kai tsaye, wanda mutane da yawa ba su san da zamansa ba: Sufeto Janar, da yardar gwamna, yana iya ba mutum takardar izinin ƙera bindigogin kashi na uku da gyara su. Ashe sana'ar tana da ƙofa a doka. Sai dai ƙofar tana Abuja, maƙeri yana Wurogauri, bai taɓa cike takarda da Turanci ba. Abin da ya sani game da hukuma a wannan fanni shi ne hoton da yaransa ke nuna masa a waya, an zaunar da maƙeran wata jiha a ƙasa gaban hedikwatar 'yan sanda, an baje kayan aikinsu. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi kuwa, wata doka ta 1984 ta tanadar masa tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Da ƙasa na zaune lafiya, da wannan giɓi bai dami kowa ba. To, jihar Kebbi ta ga abin da ba ta saba gani ba. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, aka kashe fiye da 60. Ranar 8 ga Nuwamba 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kora shanun mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie, mazan gari suka bi sawu, aka kashe musu mutum 15. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka tafi da ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Kalgo ba ta sha abin da waɗannan wurare suka sha ba, amma duk mai shanun noma biyu a nan ya ji labarin Mera, ya kuma yi lissafin tazarar da ke tsakani.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa manomi ba ɓoye-ɓoye. Waɗanda suka mutu a Sakaba da Mera ba masu barci ba ne, maza ne da suka fita da abin da ke hannunsu. Mai adaka yana da harbi ɗaya, mai AK-47 yana da 30 kafin ya sake ɗuri, ga babur, ga abokai. Duk wanda ya ce wa talaka adaka za ta tsare masa gari daga rundunar daji, ya cuce shi. Abin da take iya yi ƙarami ne, ko da yake ba abin rainawa ba ne. Takan sa ɓarawon dare mai zuwa shi kaɗai ko su biyu ya sake tunani. Ƙararta takan ta da unguwa, ta ba mata da yara ɗan lokacin da za su fice ta bayan gida. Iyakarta ke nan, kuma tsofaffin maƙera sun fi kowa sanin haka.

Shugabanni kuwa baki biyu suke wa talaka magana. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar, 'yan sanda suka ce hanin ba da lasisi yana nan. A Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake tabbatar da cewa an dakatar da bayarwa. Wannan ya ce saya, wancan ya ce in ka saya na kama ka. Wanda ke tsaye tsakanin maganganun biyu shi ne maƙeri, domin ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa bayan isha'i.

Ciniki irin wannan yakan fara ne da doguwar gaisuwa. Saurayi ya durƙusa a bakin rumfa, ya ajiye abu naɗe a buhu.

"Baba, sannu da hutawa. Ta marigayi ce, kunama ta saki."

Tsoho ya kwance buhun, ya juya ƙotar a hasken fitila, ya gane sassaƙar gidansu. Bai ce zai gyara ba, bai ce ba zai gyara ba.

"Farauta za ka koma, yaro?"

"A'a, Baba. Ka dai ji abin da ake ciki. Shanun huɗa gare ni, ga tsohuwa a gida."

"Mai gari ya san tana hannunka?"

Saurayi ya sunkuyar da kai.

"To, bar ta nan. Gobe ka zo mini da baffanka, ko Sarkin Baka. In sun tsaya maka, sai mu duba."

Babu takarda, babu hatimi, amma an bincika abin da ofis ba ya iya bincikawa. Maƙeri ya san gidan da yaron ya fito, ya san ko yana shaye-shaye, ko yana da zafin hannu, ko akwai rigimar iyakar gona tsakaninsa da wani, ko dabbobin wata ruga sun taɓa shigar masa gona yana riƙe da abin a zuci. Tsoho bai karanta dokar 1959 ba, amma tambayoyinsa sun bi kusan duk sharuɗɗanta, har da ƙari.

Shin saurayin nan yana da haƙƙin abin da ya zo nema? A ganina rabin farko na amsar ba shi da wuya. Haƙƙin mutum na kare ransa ya girmi lasisi, ya girmi Nijeriya. Rai amana ce da Allah ya damƙa wa mai shi, kuma malaman usulu sun lissafa shi cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, tare da addini, hankali, zuriya da dukiya. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Gwandu, har da Muhtasar na Halilu, sun halatta tunkuɗe mai kawo farmaki ga rai ko iyali ko dukiya. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, ya kuma amince da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare mutum ko dukiya daga ta'adi. Dokar Final Kod ta Arewa ta ware sassa tun daga na 59 kan kare kai. Dokokin nan tarar da haƙƙin suka yi, suka shaida shi. Ko a Ingila, John Locke a ƙarni na 17 kusan nan ya tsaya: mutane sun miƙa wa hukuma ikon hukunta mai laifi ne don ta tsare su, amma inda babu lokacin kai ƙara, kare kai yana nan ga mai shi. Sashe na 14 na tsarin mulkinmu ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na farko. Hukumar da ba ta iso Mera a kan lokaci ba, nauyi ne a bakinta ta ce wa mutumin Mera laifi ne ya riƙe abin da ubansa ya bar masa.

Rabi na biyu ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ya fi damuna. Duk inda aka ba da wannan haƙƙi an ɗaure shi da igiya. Fiƙihu ya ce a yi gargaɗi tukun in da hali, a fara da mafi sauƙin abin da zai kore sharrin, in mai farmaki ya juya baya an gama. Final Kod ta ce kada ɓarnar ta wuce bukata, kuma babu kare kai inda akwai lokacin neman hukuma. Igiyar nan tana iya matsewa har ta shaƙe. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, wani manomin Adamawa da aka kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin. Mafi rinjayen alƙalan suka ce da ya ƙwace makamin, hatsari ya kau, gudu ya kamace shi. Mutane da yawa sun ga tsauri a hukuncin, ni ma na gani, daga baya kuma gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma ko wanda ya ƙi hukuncin bai ce babu iyaka ba. Kare kai daban, ramuwa daban, kuma bin mutum har gidansa washegari ba ya shiga na farko ko a wace mazhaba.

In kuwa daga rai haƙƙin ya fito, to kowane mai rai yana da shi daidai da kowa. Makiyayin da ke ruga bayan gari yana da shi. Baƙon da ya sauka a tasha yana da shi. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙasar Gwadabawa ta jihar Sakkwato suka kashe mutane, cikinsu har da limami, ba shari'a ba bincike. Kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka mutu. Zamfara ta bi wannan hanya shekaru kafin Sakkwato, kowa ya ga inda ta kai ta. A Maris 2025 kuma abin ya juyo kanmu: maharba 16, yawancinsu 'yan ƙasar Bunkure ta Kano, suna hanyar komawa gida salla, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga adaka a cikin kaya, taron jama'a ya kashe su. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma cewa suka yi garinsu suke tsarewa. A ƙasa irin Kalgo, inda manomi da makiyayi suke sahu ɗaya a masallaci, suke auratayya, suke cin kasuwa ɗaya, harbi guda da aka yi bisa zato ya isa ya kwance zaman da aka gina tun zamanin Abdullahin Gwandu.

Shi kansa Malam Abdullahi ya san wannan ciwo. Yaƙin jihadi bai ƙare ba ya ga wasu daga cikin mayaƙan sun karkata ga ganima da neman mulki, abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafi kan yadda mai iko zai bi shari'a. Mutumin da ya ja daga a Tabkin Kwatto ne ya fi kowa tsoron makami a hannun da ba shi da linzami.

Wasu matasa masu karatu kan kawo misalin Amurka, inda gyara na biyu na tsarin mulki, na 1791, ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami, Kotun Ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙi ne na kowane mutum a kan kansa. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa bindigogin da ke hannun jama'a a can sun fi mutanen yawa, kuma fiye da mutum 40,000 ke mutuwa da harbi kowace shekara, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Wannan a ƙasar da in ka kira 'yan sanda suna zuwa. Ba na yi wa Kebbi fatan haka.

Abin da nake fata ya fi wannan kusa, kuma rabinsa yana nan a rumfar maƙera. Malamai sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi, sun kuma hana cinikinsa a lokacin fitina, saboda haka tambayar da tsoho ke yi wa saurayi wajibi ce a kansa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta san da wannan tacewa, ta ba ta ƙarfi. A rubuta sunayen maƙeran da ke aikin adaka ta hannun Sarkin Maƙera da uban ƙasa, a ba su takardar da doka ta riga ta tanada. Kowace bindiga a buga mata lamba a gindin bututu, a rubuta sunan mai ita da na wanda ya tsaya masa. Lasisi ya sauko sakatariyar ƙaramar hukuma, inda manomi zai iya zuwa da babur ya komo kafin azahar. Wanda aka samu bindigarsa a inda aka zub da jinin da ba na kare kai ba, a kama shi, a tuhumi mai tsaya masa. Cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wadda ta samu dokarta a 2024, ita ya dace ta ja gaban wannan aiki.

Za a ce hakan ƙara bindiga ne a ƙasar da ta riga ta cika da ita. Ƙiyasi ya nuna akwai fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, kuma rufe ƙofar lasisi bai rage ko ɗaya ba, ɓoye su kawai ya sa aka yi. Makaman da ke kashe mutane a daji ba daga rumfar ƙauye suke fitowa ba. Sun kwararo ta Sahara bayan rushewar Libiya a 2011, suna ratsowa ta iyakoki, wasu kuma daga rumbunan gwamnati suka zurare: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce an rasa lissafin makamai 178,459 na 'yan sanda, cikinsu AK-47 guda 88,078. Wanda ke neman bakin rijiyar, can ya kamata ya fara dubawa.

Ba ina wanke kowane mai ƙira ba ne. Akwai waɗanda kwaɗayi ya ja suna gyara wa ɓarayin daji makamai, akwai masu ƙera ƙananan bindigogi masu cin harsashin kanti don 'yan fashi da 'yan bangar siyasa. Waɗannan sun ci amanar masaba, kuma maƙeran gado su ne suka fi jin haushinsu, domin saboda su ake kallon kowa da ido ɗaya. Abin tsoro shi ne hanyar da sana'ar ta dosa tana ƙara irinsu. Tsofaffi da yawa sun daina karɓar aikin bindiga don gudun kamu. 'Ya'yansu sun tafi Birnin Kebbi da Jega koyon walda, suna ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, mafi yawansu suna cin halalinsu. Amma bukatar ba ta gushe ba, kuma mai nema in tsoho ya mayar da shi, gaba yake yi. Yakan samu wani a bayan tasha, mai injin walda da injin huda ƙarfe, wanda babu Sarkin Maƙera a kansa, bai san mai gari ba, bai gwada bututu a gindin itace ba. Wannan ba ya tambayar ɗan wane ne. Ta waya ake tura masa kuɗi, a aiko ɗan kabu-kabu ya karɓa.